Jinjina ga Kafintocin Rufi

Mai gida yakan ga kwano yana sheƙi ya ce rufi ya yi kyau. Kafinta kuwa gangaren yake kallo. In kwano ya kwanta da yawa, ruwa zai tsaya a mahaɗa ya bi ramin ƙusa, watan Agusta a kwana ana tara robobi a tsakar ɗaki. In ya miƙe fiye da kima, katako ya ci kuɗi a banza, iskar farkon damina kuma ta samu abin kamawa.

Ku tsaya ku ga awonsu. Ɗaki mai faɗin ƙafa 24, kafinta zai ja igiya daga bango zuwa bango, ya raba biyu, 12 ke nan, ya kafa katakon tsakiya mai tsawon ƙafa 6. Ba'amurke zai kira wannan 6 cikin 12, injiniya ya rubuta kashi 50 cikin 100, mai zanen gini ya sa digiri 27 ba kaɗan. Inda ake tuntuɓe shi ne a ɗauka kashi 100 tsaye yake kamar bango, alhali digiri 45 ne kacal, hawa daidai da tafiya.

Da yawa daga cikin kafintocin nan ba su zauna ajin lissafi ba. A hannun ubangida suka koya, fensir a bayan kunne, tef a aljihu. Amma miƙa wa ɗayansu takardar mai zane, zai ɗan yi shiru, ya ja layi a jikin katako, ya waiwaya ga yaronsa: "Kai, miƙo min zarto."