Wasan 'Yan Fashin Teku: Jirgin Ya Yi, Teburin Karta Ne Matsalar

Wata uwa ce ta tare ɗaya daga cikinmu a bakin layi bayan la'asar, ta ce: "Malam, don Allah ku da kuke rubuce-rubucen nan, ku duba mana abin da yaran nan ke yi a shagon kwamfuta. Nawa ya ce min wai matuƙin jirgin ruwa ne shi, amma da na leƙa karta na ga yana yi." Abin da ya kai mu ke nan. Mun yi yammaci huɗu muna zama a shagon, wanda da safe ake cike fom ɗin jarrabawa a cikinsa, da yamma kuma, in an tada janareto, samari su gaje kujerun. Mun kalla, mun kuma karɓi linzamin mun taɓa da hannunmu.

Sunan wasan The Legend of Pirates Online. Asalinsa na kamfanin Disney ne, wanda ya fito da shi ranar 31 ga Oktoba 2007 da sunan Pirates of the Caribbean Online, a kan finafinan nan na Kyaftin Jack Sparrow da suka fara fita a 2003. Disney ta rufe shi ranar 19 ga Satumba 2013. Sai wasu daga cikin masu buga shi suka ƙi haƙura, suka haɗu suka sake gina shi da kansu, aikin sa kai, ba albashi. Shi ne wanda yaranmu ke bugawa yanzu. A zamanin Disney sai ka biya kuɗin wata kafin a buɗe maka dukkan wasan. Yanzu kyauta ne daga farko har ƙarshe. Ba ya hawa waya, sai kwamfuta, amma da yake tsohon wasa ne, ko tsohuwar laftof ɗin tokumbo tana ɗaukarsa. Dalilin da ya sa ya samu shiga a nan Sabo ke nan.

Bari mu fara da inda ya burge mu, don kada a ce mun zo da wuƙa a hannu.

Jirgin ruwan shi ne ran wasan. Mutum ɗaya ba ya iya cin moriyar babban jirgi shi kaɗai: wani na riƙe da sitiyari, wasu na kan igwa suna harbi, wasu na can suna gyaran ɓarna, ana kwashe ruwa, ana yankan katako, ana buga ƙusa. In matuƙi ya juya jirgin ba daidai ba, masu igwa ba za su ga abokin gaba ba. In masu gyara suka yi sanyi, kowa ya nutse. Mun ga yara uku a shagon nan, biyu Hausawa ɗaya Bayarabe, suna ta ihu da harshe uku a cakuɗe, "juya hagu, hagu na ce!", kuma wallahi kowa ya san aikinsa. Da suka koma tashar Tortuga aka raba ganima, wanda ya yi gyara ya samu rabonsa kamar wanda ya yi harbi. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake sauke tirelar shanu ko lodin goro ya san irin wannan aiki, inda lalacin mutum ɗaya ke jawo wa goma asara. A wannan ɓangare ba mu da ta cewa. Akwai kuma kamun kifi da tsaron ganuwa da igwa, duk ba laifi. Zanen ya tsufa, fuskokin mutane kamar an sassaƙa su da gatari, amma bayan minti goma ka daina lura.

To, sai a sauka daga jirgi a shiga gari. A kowane babban tsibiri akwai mashaya, irin su Faithful Bride a Tortuga da Rowdy Rooster a Port Royal, kuma a cikinsu ne teburan karta suke.

Ba irin Whot ɗinmu ba ce ta "fik tu" da "janar maket", wadda ake yi a kan benci don a yi wa wanda ya sha kaye dariya. Akwai Blackjack, inda kake neman jimillar katunanka ta kusanci 21 ba tare da ta haura ba, kana karawa da mai rabo. Akwai Poker iri biyu: Tortuga Hold'em, katuna biyu a hannunka biyar a tsakiyar tebur na kowa da kowa, da kuma mai katuna bakwai da kake zaɓen biyar mafi kyau. Dukkansu ba a zama sai an zuba zinariya. Akwai ma wani da ake yi da ƙwarangwal, wanda maimakon zinariya lafiyar jikin ɗan wasanka kake zubawa, in ta ƙare ka faɗi.

A matsayin wasa kawai, ba tare da an kawo maganar halal da haram ba, teburan nan su ne mafi rauni a cikin abin duka. Blackjack ɗin danna-ka-jira ne, ba wata dabara mai zurfi. Poker kuwa daɗinsa yana wurin karantar fuskar abokin zama, a gane ko cika baki yake yi ko da gaske yana da kaya. To wace fuska za ka karanta a jikin mutum-mutumin da kwamfuta ke juyawa? Sai in an dace da mutane na gaske a teburin, kuma a lokacin da yaranmu ke samun wuta sau da yawa Amurkawa suna wurin aiki ko makaranta. Saboda haka yaron da ɗazu yake tsakiyar abokansa yana ba da umarni, yanzu ya yi tsit shi kaɗai, ya zuba tagumi, yana danna maɓalli ɗaya. Mun ga wannan sauyi da idonmu, kuma shi ya fi komai tsaya mana a rai.

Da a ce teburan suna gefe ne, mai so ya je, da maganar ta yi sauƙi. Ba haka ba ne. A cikin babban labarin wasan, inda kake tara wa Jack Sparrow ma'aikata don ƙwato jirginsa Black Pearl, akwai matakan da ake cewa sai ka ciwo zinariya kaza a teburin karta kafin ka wuce gaba. Yaron matar nan bai yi mata ƙarya ba. Matuƙi ne, amma wasan ya tsayar da shi a ƙofar mashaya ya ce ba inda za shi sai ya ci.

Sannan ga katin maguɗi. Cikin ganimar da kake samu in ka kashe abokan gaba har da katunan karta, waɗanda kake ɓoyewa, in an zauna a tebur ka musanya ɗaya da na hannunka. In an kama ka, sai kurkuku. Kurkukun kuwa me ake yi? Ka yi ta harbin ƙofa da ƙafa har ta buɗe, ka fito, ka koma teburin da ka baro. Shi ke nan hukuncin.

Abin mamaki, masu rubuta labarin sun san illar abin. Babban mugun wasan, Jolly Roger, wanda ke turo rundunar ƙwarangwal su far wa tsibirai, asalinsa mutum ne. Ya haɗa baki da wani boka mai suna Amo Dorsi don su cuci Jack Sparrow a wasan karta. Maguɗin bai yi ba, Jack ya ci, Roger ya zaro bindiga cikin fushi, harsashi ya samu bokan, shi kuma kafin ya cika ya la'ance shi ya zama dodo. Wato duk bala'in da ke cikin wannan duniya tasu daga teburin caca ya taso. Labari mai kyau, har da darasi. Amma wasan da ya ba ka wannan labari shi ne kuma yake cusa maka katin maguɗi a aljihu ya ce je ka gwada sa'arka. Baki na faɗin abu ɗaya, hannu na yin wani.

Za a ce ai 'yan fashi ne, me ake jira daga gare su? To bari mu leƙa tarihi kaɗan, don yana da kusanci da mu fiye da yadda ake zato. Bartholomew Roberts, ɗaya daga cikin manyan 'yan fashin teku na wancan zamani, a gaɓar Afirka ta Yamma ya shiga sana'ar, a Anomabu ta ƙasar Gana ta yau, a 1719, lokacin yana aiki a jirgin bayi. A gaɓar nan kuma ya ƙare: sojojin ruwan Ingila suka kashe shi kusa da Cape Lopez ta Gabon a watan Fabrairu 1722, aka yi wa mutanensa shari'a a Cape Coast, aka rataye 52. Ba mutumin kirki ba ne ko kaɗan. Makonni kafin mutuwarsa mutanensa sun ƙone wani jirgi a Wida da bayi a ɗaure a cikinsa. Amma cikin dokokin da ya sa ma'aikatansa suka yi rantsuwa a kai, akwai wadda ta hana yin karta ko ɗan lido a kan kuɗi. Ba tsoron Allah ya sa shi ba. Ya san cewa mutanen da suka cinye wa juna rabo da daddare ba za su tsaya wa juna da safe ba. Gaskiya ne in sun sauka a tudu suna watsa dukiyarsu yadda suka ga dama, kuma wasan ma a tudu ya ajiye teburansa. Duk da haka, ɗan fashi na gaske ya ɗauki caca a matsayin abin da ke rusa ƙungiya, wasan yara kuma ya mai da ita matakin ci gaba.

Yanzu ga hujjar da ta fi ƙarfi a ɓangaren masu kare wasan, kuma ba za mu raina ta ba. Zinariyar nan ba kuɗi ba ce. Ba a sayenta da naira, ba a canza ta zuwa naira, ko 'yan canjinmu na bakin titi ba su da farashinta. Ba wanda ke samun riba in yaro ya yi asara. Wannan ya bambanta shi da wasannin waya na yanzu masu sayar da akwatin sa'a da kuɗi na gaske, irin wanda ƙasar Beljiyam ta ce caca ne tun 2018. Ta wannan fuska tsohon wasan nan ya fi da yawa daga cikin sababbin tsabta. Hukuncin ko wannan ya shiga cikin maisir ɗin da Suratul Ma'ida ta haɗa da giya ta hana, wannan na malamanmu ne, kuma muna da su a unguwa.

Abin da mu muke iya gani shi ne ɗabi'ar da ake koya. Yaro ya zuba zinariya dubu ta tafi, ya fita teku ya nutsar da jirage biyu, cikin minti goma ta dawo. Ya koyi zaƙin ci, bai ɗanɗani ɗacin asara ba. Da a ce a wani gari muke da ba shagon bet, da sai mu ce ba komai. Amma daga ƙofar shagon kwamfutar nan zuwa shagon bet mafi kusa, mun ƙirga, bai kai taku ɗari ba, ga kuma masu loto a ƙarƙashin lema. Kowa a Sabo ya san gidan da aka sayar da mashin, ko yaron shagon da ya taɓa kuɗin maigidansa, saboda "saura wasa ɗaya tikiti ya ci". A can asarar ba ta dawowa da nutsar da jirgi.

Wannan ya kawo mu ga masu gina wasan da sanarwar da suke fitarwa. Suna ƙoƙari, a ba su wannan. Lokaci zuwa lokaci sukan fito da jerin abin da suka gyara da abin da suka ƙara: sababbin makamai, tufafi, bukukuwan shekara, har da nau'o'in jirage irin su Carrack da Corvette waɗanda babu su a zamanin Disney. Mutanen da ba a biyansu ko sisi su riƙe abu shekara da shekaru, ba ƙaramin aiki ba ne. Kuma a kan siraɗi suke tafiya, domin haƙƙin mallakar na Disney ne. A watan Afrilu 2022 an rufe Club Penguin Rewritten, wani wasan Disney da masoya suka farfaɗo da shi, har 'yan sandan Landan suka kama mutum uku. Rashin karɓar kuɗi na cikin abin da ke kare waɗannan, shi ne kuma, ba da niyya ba, yake kare yaranmu. Iyaye su san wannan ma: wata rana ana iya wayar gari wasan babu shi, duk jirgin da yaro ya tara ya tafi.

Ƙorafinmu a kansu ɗaya ne. Tunda sun nuna za su iya ƙara jirgin da Disney ba ta yi ba, ba su da hujjar cewa amana suke riƙewa shi ya sa ba su taɓa teburin karta ba. Ba mu ce a cire ba. Manya da yawa da suka taso da wasan suna sonsa haka. A buɗe wata hanya kawai: wanda ba ya son zama a mashaya, a ce ya kawo wannan adadin zinariya daga teku, ko daga kamun kifi. Aikin bai kai gina sabon jirgi wuya ba. Kuma ba Musulmin Ibadan kaɗai zai amfana ba, don wasa ne da tun farko aka yi wa 'yan shekara 10 zuwa sama.

Da muka koma wurin matar nan mun gaya mata abin da muka gani: kada ta hana shi, jirgin ya fi yawon banza, amma ta tambaye shi kullum ina ya kwana, teku ko mashaya. Mun kuma yi magana da mai shagon. Ya ce shi bai taɓa lura akwai karta a ciki ba, yana jin ihun igwa ne kawai. Ya yarda zai juya allunan su fuskanci ƙofa, kuma matakin da ke buƙatar karta, yaron da bai kai ba ya kira yayansa ya wuce masa shi. Yaron kuwa, da muka tambaye shi wanne ya fi so, ko ɗaga kai bai yi ba. Ya ce, "Baba, kartar nan ɓata lokaci ce, so nake in gama in koma jirgi, su Tunde na jirana."