4.3 Harshen Koyarwa da Harshen Aiki

Idan aka duba tsarin koyar da aikin jarida a jami'o'in Nijeriya, za a ga cewa da Ingilishi ake gudanar da mafi yawan darussa. Amma wanda ya gama ya sami aiki a Gidan Rediyon Kano, da Hausa zai yi wa manoman Ɗambatta da Bichi bayanin taki da awon maganin feshi. Gurguwar fassara a nan tana iya jawo wa manomi asarar damina guda. Alhali tun 1939 Abubakar Imam ya tabbatar a Gaskiya Ta Fi Kwabo cewa Hausa tana iya ɗaukar aikin jarida. Saboda haka, a ganin wannan bincike, ya kamata rubuta labari da Hausa ya zama darasin tilas.