MARUBUCI A BAKIN KUFAI: TSOKACI A KAN LABARIN TAFIYA ZUWA TSOFAFFIN GARURUWA

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Gaskiya ne, sai dai mabuɗi ba ya juya kansa, sai hannu ya kama shi. Abin da ya jawo wannan tsokaci shi ne wata ziyara da muka raka ɗalibanmu zuwa duwatsun Tula. Mun tashi daga nan Gabukka da sassafe, muka bi ta Kumo da Billiri, muka karkata a Kaltungo, mota na ta nishi tana hawa har muka kai bisa. Wani dattijo ɗan garin ya wuni yana zagayawa da mu. Ya kai mu tsohon gidan kurkuku na zamanin Turawa, ya nuna mana kogwannin da ake fakewa a lokacin yaƙi, da gonakin da aka jera hawa-hawa a jikin dutse.

Da muka dawo muka nemi kowa ya rubuta labarin tafiyarsa. Rubuce-rubucen sun yi daɗin karatu. An yabi sanyin iska da kyan kwari, an kuma yi ta jimamin yadda duniya ke ƙarewa. Amma da ƙyar muka ga wanda ya tuna da dattijon nan, ballantana matan da muka iske suna aiki a gonakin. Wasu ma cewa suka yi wurin ya yi tsit, alhali da kunnenmu mun ji sakan turmi da hayaniyar yara. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba inda wannan makanta ta samo asali, da kuma irin idon da ya kamata marubuci ya je kufai da shi.

2.0 Labarin Tafiya a Adabinmu

Labarin tafiya ba baƙo ba ne a rubutun zube na Hausa. Tun a ƙarni na 19 Dorugu, wanda ya bi Heinrich Barth har Ingila a 1855, ya ba da labarin yawonsa, J. F. Schön kuma ya buga shi a Magana Hausa a 1885. Abubakar Imam ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi (1944) bayan ziyarar da ya kai Ingila tare da editocin jaridun Afirka ta Yamma a 1943. Malam Aminu Kano ya biyo da Motsi Ya Fi Zama (1955). Waɗannan littattafai sun yi tarayya a abu guda: fuskarsu na kallon waje. Bahaushe ne ya je birni mai rai, ya ga abin mamaki, ya dawo yana auna shi da na gida.

A iya saninmu, tafiya zuwa tsohon gari na cikin gida ba ta sami irin wannan gata ba a zube. Saboda haka ɗalibin da aka kai bakin ganuwar da ta zube ba shi da gwanin da zai yi koyi da shi, sai ya ari idon wani. Idanun da ake ara iri biyu ne, akwai kuma na uku da muke son a san da shi.

3.0 Idon Mai Wa'azi

Na farko tsoho ne, kuma namu ne. Duk wanda ya zauna a zaure ya karanci waƙoƙin Jahiliyya ya san yadda Imru'ul Ƙais ya buɗe shahararriyar ƙasidarsa da tsayuwa a kufan masoyiya. A wajenmu wannan tsayuwa ta auri wa'azi. Waƙar Bagauda, alal misali, tana jera sarakunan Kano ne don ta tuna wa mai sauraro cewa kowa ya hau zai sauka. Jigo ne mai nauyi, ba kuma mu raina shi ba.

Illarsa ga mai labarin tafiya ita ce yana mayar da kowane kufai iri ɗaya. In darasin da za a ɗauka shi ne duniya ba matabbata ba ce, to Surame da Kufena da Gombe Abba duk sun zama abu guda, kuma babu dalilin barin ɗaki a sha wahalar hanya. Akwai ma'auni mai sauƙi da muke ba ɗalibai: a goge sunan wurin daga rubutun, a sa sunan wani. In rubutun bai gurgunce ba, to marubucin ƙafarsa ce ta je, idonsa bai je ba.

4.0 Idon Mai Ganowa

Na biyu baƙo ne, kuma shi ne ya cika takardun talla na yawon buɗe ido. Don a fahimce shi sai mun ɗan leƙa ƙasar Peru ta Kudancin Amurka, inda ya fi fitowa fili. A can cikin duwatsun Andis, kogin Urubamba ya ratsa wani kwari mai zurfi, a bisansa kuma akwai Machu Picchu, garin dutse da daular Inka ta gina wajen 1450, zamanin sarki Pachacuti, a tudu mai tsawon kimanin mita 2,430. An tashi daga garin a ƙarni na 16, zamanin da Sifaniyawa suka rusa daular.

Ranar 24 ga Yuli, 1911, Hiram Bingham na Jami'ar Yale ya hau wurin, daga baya kuma ya rubuta Lost City of the Incas (1948), wato ɓataccen birnin Inka. Littafi ne mai jan rai, siffantawarsa ta gwani ce. Amma sunan kansa ya tona asirin idon da aka je da shi. A wurin wa birnin ya ɓata? Wani manomi ne, Melchor Arteaga, ya ja shi zuwa can. Da ya isa, ya iske iyalai suna noma tsofaffin gonakin, yaron ɗaya daga cikinsu ne ma ya shiga gaba ya nuna masa gine-ginen. Bingham bai ɓoye wannan ba, amma tsarin labarinsa ya ajiye su a gefe kamar 'yan rakiya, shi kuwa ya zama tauraro. Bugu da ƙari, fassarar da ya yi wa wurin ta karkace, domin ya ɗauka shi ne Vilcabamba, mafakar ƙarshe ta sarakunan Inka, bincike kuwa ya nuna ba nan ba ne. Kayan tarihin da ya kwasa sun yi kusan shekara ɗari a Amurka kafin a mayar wa Peru a 2011 da 2012.

Mai wannan ido yana bukatar wurin ya zama babu kowa, domin in da mutane, to ba shi ya gano ba. Wannan ne ya sa ɗalibanmu suka ji tsit a Tula. Abin takaicin shi ne, Bingham ya tsallaka teku ne kafin ya yi wa mutanen wata ƙasa wannan kallo, mu kuwa muna yi wa maƙwabtanmu na jiha ɗaya.

5.0 Idon Mai Tambaya

A 1943 wani ya sake hawa wannan dutse, wato mawaƙin nan na ƙasar Cile, Pablo Neruda, wanda ya sami kyautar Nobel a 1971. Waƙar da ya yi a kan wurin tana da kashi 12, ta kuma shiga diwaninsa Canto General (1950). Abin lura a nan shi ne zubinta. Ta fara da mutum mai gajiya da rayuwar birni, ta hau da shi dutsen, ta bar shi ya sha mamakin ginin. Can wajen kashi na goma sai ta juya. Mawaƙin ya daina yabon duwatsun, ya shiga tuhumarsu a kan waɗanda suka ɗauko su, da yunwar da suka sha, da inda suka kwana. Tambayar tana da tushe a tarihi, domin daular Inka ta yi manyan ayyukanta ne da aikin karɓa-karɓa da ta ɗora wa talakawa, wanda ake kira mita.

Wannan juyi shi ne darasin. Da shi kufai ya tashi daga abin kallo ya zama shaida, marubuci kuma ya zama mai bin bahasi. Duk da haka ba mu ce a kwaikwayi Neruda ido rufe ba, don shi ma yana da nasa gibin. Matattu ya kira, ya kuma naɗa kansa bakinsu. Jikokinsu masu magana da harshen Kecuwa, waɗanda ke zaune a garuruwan kwarin irin su Ollantaytambo a kan titunan da kakanninsu suka shimfiɗa, ba a ji muryarsu a waƙar ba. Marubucinmu zai iya wuce nan, domin rayayye yana da bakin da zai amsa da kansa.

6.0 Kufaifanmu da Tambayoyinsu

Ba mu rasa wuraren da ke jiran irin wannan alƙalami ba. Mafi kama da Machu Picchu shi ne Sukur, a duwatsun Mandara cikin Ƙaramar Hukumar Madagali ta Jihar Adamawa, wanda a 1999 ya zama wuri na farko a Nijeriya da UNESCO ta sa cikin jerin kayan gadon duniya. Hanyar da aka daɓe da duwatsu ce ke hawa da mutum daga kwari zuwa fadar Hidi, ga gonaki hawa-hawa, ga tsofaffin wuraren narka tama. Mutanen suna nan, Hidi yana nan. Wanda zai rubuta Sukur sai ya karanta kundin da Hamman Yaji na Madagali ya ajiye daga 1912 zuwa 1927, inda ya lissafa hare-haren da ya kai wa mutanen duwatsu da waɗanda ya kamo. Wannan kallo ne daga gindin dutse. Kallon da ake yi daga bisa yana bakin mutanen Sukur, sai an je an tambaya.

Surame kuwa, birnin da Muhammadu Kanta na Kabi ya gina a ƙarni na 16 aka kuma tashi daga cikinsa a farkon na 18, tambayar Neruda tana kwance a jikin ganuwarsa. Labarin baka ya ce ƙasashen da Kanta ya rinjaya ne suka aiko da masu gini, har ana cewa Nufawa da suka makara an sa su kwaɓa nasu kason da man kaɗe maimakon ruwa. Ko gaskiya ne ko ƙari, labarin ya nuna mutanen da ba su manta da gumin da aka zuba ba. Marubucin da ya tsaya ga yabon Kanta kaɗai, tsofaffin masu ba da labari sun fi shi gani.

A nan gida, ga Gombe Abba a bakin kogin Gongola, mazaunin Modibbo Buba Yero, wanda ya rasu a 1841. Turawa sun ɗauke hedikwata daga can zuwa Nafada a 1913, sannan zuwa Doma a 1919, wato wannan gari da muke ciki. Yaya rayuwa take a garin da sarauta ta tashi ta bar shi? Amsar ta isa littafi. Ga kuma Bormi, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ranar 27 ga Yuli, 1903, waɗanda suka tsira kuma suka nausa gabas, har ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa gari a bakin Shuɗin Nilu a Sudan. Labarin tafiya Bormi bai cika ba sai ya tambayi inda mutanen suka nufa.

Wajibi ne kuma mu faɗi wani abu mai ɗaci. Tarihin Gombe Abba da na Tula suna kallon juna ne, domin kogwannin da dattijo ya nuna mana ba don ruwan sama aka fake a cikinsu ba. Marubucin da ya fito daga gari ya hau dutse yana ɗauke da tarihin ɓangare ɗaya, ko ya sani ko bai sani ba. Adalci shi ne ya saurari ɗaya ɓangaren, ya kuma rubuta abin da ya ji ba tare da ya lanƙwasa shi ba.

7.0 Kammalawa

Mun ga yadda idon mai wa'azi ke mayar da kufaifai iri ɗaya, da yadda idon mai ganowa ke kwashe mutane daga cikinsu. Abin da muke roƙon matasan marubutanmu bai fi abu uku ba. Na ɗaya, su ba mai yi musu jagora matsayinsa a cikin labari, da izininsa, su bar shi ya yi magana. Na biyu, su kira abubuwa da sunayen da masu wurin ke kiran su, ko da ba na Hausa ba ne. Na uku, kowane gini suka gani su tambayi wanda ya ɗauki dutsen da wanda ya ɗebo ruwan.

Lamarin yana bukatar hanzari. A 2014 'yan Boko Haram sun kai hari Sukur suka ƙona gidaje da sassan fadar Hidi. Dutse ana iya sake jera shi, amma dattijon da ya san dalilin da ya sa aka jera shi haka, in ya tafi ya tafi da saninsa. Muna fata a fitowa ta gaba ta wannan mujalla za mu karanta labarin tafiya Tula ko Gombe Abba wanda in mutanen can suka ji shi za su ce lalle garinsu aka je. Allah ya sa mu dace.