Begen Jiya a Akwatin Talabijin: Nazarin Shirye-shiryen Hira da Tsofaffin 'Yan Wasa a Matsayin Tarihin Kai

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Amurka al'ada ce sananniya, mai gabatar da shirin hira na talabijin, musamman irin wanda ake nunawa da hantsi ko da rana, idan ya kwana biyu a bakin aiki sai ya zauna ya rubuta tarihin kansa. Phil Donahue ya fitar da nasa a 1979, Barbara Walters ta fitar da nata a 2008, Regis Philbin kuma ya fitar da ɗaya daga cikin nasa a 2011. Abin da ya kan cika irin waɗannan littattafai shi ne begen jiya, wato kewar mawaƙa da 'yan wasan da marubucin ya tashi yana kallo, da zamanin da talabijin yake sabon abu a gida.

A ƙasar Hausa ba kasafai mai gabatarwa yake rubuta irin wannan littafi ba. Sai dai begen nan yana nan, kuma ya sami mazauni a cikin shirin hirar kansa, inda ake gayyato tsohon ɗan wasa ya ba da labarin rayuwarsa da bakinsa. Manufar wannan maƙala ita ce ta dubi irin waɗannan shirye-shirye a matsayin wani reshe na tarihin kai, ta kuma nuna cewa begen jiya da ya mamaye su yana rufe abin da manazarcin harshe ya fi bukata daga wasannin kwaikwayon talabijin na shekarun 1970 da 1980, wato harshen da aka yi su da shi.

2.0 Mai Ba da Labari da Mai Tambaya

Idan aka bi diddigin tarihin kai a adabin Hausa, za a tarar yawancinsa tsakanin mutum biyu aka haife shi. Labarin Dorugu, yaron da ya bi Heinrich Barth zuwa Turai, J.F. Schön ne ya rubuta shi daga bakinsa, ya fito a cikin Magana Hausa a 1885. Baba ta Karo ta ba Mary Smith labarinta tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi da Ingilishi a 1954. Na Alhaji Mahmudu Ƙoƙi ta hannun Neil Skinner ya fito a 1977. Hatta Alhaji Abubakar Imam, wanda alƙalami ne sana'arsa, sai bayan rasuwarsa Abdurrahman Mora ya tace abin da ya bari, aka buga a 1989.

Dalilin wannan ba boyayye ba ne. Bahaushe yana cewa yabon kai jahilci, kuma kunya ba ta barin dattijo ya miƙe haka kawai ya shiga jero ayyukansa. Amma idan aka tambaye shi, amsawa ta zama ladabi. Ke nan tambaya ita ce izinin da al'ada take ba mutum ya yi maganar kansa. Bisa ga haka, mai gabatar da shirin hira a yau yana zaune ne a kan kujerar da Schön da Smith da Skinner suka zauna. Shi ne ungozomar labarin. Abin da ya tambaya shi zai shiga tarihi, abin da ya tsallake kuwa mai yiwuwa ne ya bi mai shi kabari. Saboda haka duk wani tarke na wannan reshe tilas ya fara daga tambayoyin, kafin ya kai ga amsoshin.

Misalan shirye-shiryen da ake magana a kansu sun haɗa da Kundin Kannywood na tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, wanda Aminu Sharif Momo ya yi suna da gabatarwa. Da Daga Bakin Mai Ita na Sashen Hausa na BBC. Da kuma shirin hira na Hadiza Aliyu Gabon da ake kallo a YouTube. Dole a yaba musu a kan abu guda wanda littafi ba ya iyawa. Sun adana murya da karin harshe da motsin hannu da dariya, har da shirun da dattijo kan yi idan an ambaci abokin aikinsa da ya riga mu gidan gaskiya.

3.0 Zamanin da Ake Bege

Kafofin watsa labarai na Jihar Arewa sun fara aikin rediyo da talabijin a Kaduna a 1962. An kafa hukumar NTA a 1977, ta haɗe tashoshin talabijin na ƙasar a ƙarƙashin gwamnatin tarayya, sa'an nan a farkon shekarun 1980 gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta kafa CTV a Kano, wadda a yau take ɗauke da sunansa. A waɗannan gidaje ne aka yi Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi da Karambana na Ƙasimu Yero a Kaduna, da Karkuzu na Abdullahi Shu'aibu a Jos, da Kuliya a Kano, da sauransu. Dokar da ta ba 'yan kasuwa damar buɗe gidajen rediyo da talabijin ba ta zo ba sai 1992. Fim ɗin bidiyo na Hausa kuwa an saba farawa da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, sunan Kannywood kuma ya ɓulla a mujallar Tauraruwa a 1999.

Zubin hirar da ake yi da waɗanda suka ga wancan zamani kusan ɗaya ne a ko'ina. A tambayi baƙo inda aka haife shi da makarantun da ya yi, a tambaye shi yadda ya shiga harkar, da ƙalubalen da ya fuskanta, daga nan sai a zo ga tambayar da kowa yake jira: mene ne bambancin wasan da da na yanzu? Amsar ma an san ta tun kafin a ba da ita. Na da tarbiyya yake koyarwa, na yanzu kuɗi da suna ake nema. Na da al'adar Bahaushe ce, na yanzu kwaikwayon Indiya ne da rawa da waƙa. Mai gabatarwa ya gyaɗa kai, a wuce.

Ba a cewa wannan amsa ƙarya ce. Abin da ake cewa shi ne ba ta cika ba, kuma mai tambaya ba ya tona ragowar. Da farko dai, wasannin nan na gidajen gwamnati ne, akasarinsu kuma a zamanin mulkin soja aka yi su, lokacin da wayar da kai yake cikin aikin da aka ɗora wa kowace tasha: canjin hannun tuƙi a 1972, shigowar naira da kwabo a 1973, shirin ilimin firamare kyauta da na ciyar da ƙasa a 1976, yaƙi da rashin ɗa'a a 1984. Ko Cock Crow at Dawn, wanda Ƙasimu Yero ya fito a cikinsa, banki ne ya ɗauki nauyinsa don a jawo hankalin jama'a zuwa ga noma. Wannan hanya ta samo asali tun daga majigi da Baban Larai. Wani kaso na abin da ake kira tarbiyya a yau, manufar hukuma ce a jiya, kuma akwai abubuwan da ɗan wasa bai isa ya faɗa ba. Tarihin kai na gaskiya zai so ya ji waɗanne ne, da dabarun da aka bi aka faɗe su a kaikaice.

Na biyu, zamanin da ake bege shi ma kuka yake yi da kansa. Shu'aibu Maƙarfi ya buga Zamanin Nan Namu a 1959 yana kokawa da lalacewar hali a birni, Umaru Ɗanjuma Katsina kuma ya buga Kulɓa Na Ɓarna a 1979 a kan yadda mai kuɗi yake ɓata rayuwar 'yar makaranta. 'Yan wasan da ake girmamawa a yau an sha kallonsu a matsayin marasa aikin yi, matan cikinsu kuwa sun fi kowa ɗanɗana wannan. Hausawa sun ce wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Mai yiwuwa ne babban abin da mai kallo yake kewa shi ne zaman kallon kansa, lokacin da tasha ɗaya ce, ba ta buɗewa sai da yamma, yaran unguwa kuma suna cika tsakar gidan mai akwati ɗaya tilo.

4.0 Harshen da Ba a Tambaya

Nan ne asarar ta fi girma ga manazarta. Yawancin wasannin nan ba a rubuta su kalma da kalma ba. Ana tsara ƙashin labari ne, a raba wa kowa matsayinsa, sa'an nan ɗan wasa ya cika sauran da bakinsa a gaban na'ura. Wannan ya bambanta su da wasannin rediyo irin na Maƙarfi, ko Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan, waɗanda daga baya suka zama littattafai ana karanta su a makarantu. A wasan talabijin, ɗan wasa shi ne mawallafin maganarsa, kuma kaset ɗin da aka naɗa shi ne matani, babu wani.

A ɗauki Samanja. Usman Baba Pategi Banufe ne daga gidan sarautar Pategi, ya yi aikin soja, ya kuma yi aiki a gidan rediyon Kaduna. Wasansa ya ginu ne a kan harshen bariki, wato Hausar da sojoji daga ƙabilu dabam-dabam suka mayar harshen hulɗa tun zamanin Turawa. Siffofin Barikanci sanannu ne: ɓacewar bambancin jinsi har a ce wa mace "ya zo", mayar da ƙ da ɓ da ɗ zuwa k da b da d, rikicewar tsawon wasali da karin sauti, da tarin kalmomin aro irin su samanja da saje da kofur da kurtu da fareti. Gwanintar Samanja tana cikin sauyawa. Ya kan yi tsawa da Ingilishin fareti, ya gangaro Ingilishin buroka, ya dawo Hausa, duk a cikin numfashi ɗaya, kuma kowane sauyi yana nuna wanda yake gabansa, hafsa ne ko kurtu ko iyali. Wannan taska ce ga mai nazarin walwalar harshe. Wane ɓangare na maganar ya ɗebo daga bariki kamar yadda ya ji ta, wane ɓangare ya ƙara wa gishiri don ban dariya? Sojojin da suka kalla sun ɗauke ta izgili ne ko sun ga kansu a ciki? Shi kaɗai ne zai iya warware wannan, kuma ya rasu a Kaduna a watan Nuwamba 2023. Ƙasimu Yero ya riga shi a Satumba 2017, Karkuzu kuma ya bi su a 2025.

Haka abin yake ga sauran. Hausar Jos da ke bakin Karkuzu, da Zazzaganci, da Sakkwatancin wasannin tashar Sakkwato, da salon shari'a da zaurance da baƙar magana na wasannin Kano, duk shaidu ne na yadda ake magana a wani wuri a wani lokaci, kafin fina-finan bidiyo su ɗora Kananci a kan kowa. Graham Furniss ya taɓo wasan kwaikwayon talabijin a littafinsa na 1996 a kan adabin Hausa, ɗalibai kuma sun yi kundaye a sassan harsunan Nijeriya na Kano da Zariya da Sakkwato. Amma galibin kundayen a kan jigo suke tsayawa, wato su ma tarbiyyar suke ƙirgawa. Ba mai gabatarwa kaɗai ke da wannan rauni ba.

Akwai kuma matsalar suna. Shirin da ya kira kansa kundin Kannywood ya riga ya sa wa tarihi mafari, kuma duk abin da ya gabaci 1990 sai ya koma share fage. Ta haka ɗan wasan da ya shekara ashirin a talabijin kafin bidiyo ya kan ƙare a matsayin "uba a fim", ana tambayarsa ra'ayinsa game da yaran yanzu.

5.0 Batun Kaset

Tun da kaset shi ne matani, makomarsa ita ce makomar nazarin. Gidajen talabijin a duniya sun daɗe suna goge tsohon shiri su naɗi sabo a kai saboda tsadar kaset, kuma BBC kanta ta yi asarar shirye-shirye da yawa ta wannan hanya. Abin lura shi ne, a 2013 aka sanar da gano kashi tara na wasan Doctor Who da suka ɓace, kuma a wani ɗakin ajiya na tashar talabijin a Jos wani Bature mai suna Philip Morris ya same su. Mutum ya taso daga Ingila ya zo garin Karkuzu neman wasan ƙasarsu. Fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, shi ma an daɗe ana zaton ya salwanta, sai a 2016 aka gano shi a ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, aka gyara shi da taimakon cibiyar Arsenal ta Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018.

Waɗannan misalai biyu sun nuna cewa abin da ake cewa ya ɓace wani lokaci yana nan, ba a dai shiga ɗakin an duba ba. Gutsattsarin Samanja da Karkuzu da ke yawo a intanet ba su wadatar ba, domin yawanci babu kwanan wata, babu sunayen 'yan wasa, kuma ba a san wanda ya yanke su ko abin da ya zubar ba. Aikin da ke gaban sassan harsuna shi ne ƙididdige abin da ya rage a ɗakunan ajiya na Kaduna da Kano da Jos da Sakkwato, a juye shi zuwa kwamfuta, a rubuta maganar yadda aka furta ta ba tare da an gyara ta zuwa daidaitacciyar Hausa ba. Irin wannan aiki yana cikin abin da asusun TETFund, mai hedikwata a Maitama, Abuja, aka kafa shi don tallafawa. Sa'an nan a koma ga masu shirya wasannin da masu ɗaukar hoto da 'yan wasan da suka rage, a kunna musu kaset ɗin a gabansu, a tsayar a kan jimla guda, a tambaye su daga ina ta fito.