Clara Ugbodaga-Ngu: Malamar da Sunan Ɗalibanta Ya Rufe Nata

Duk lokacin da aka ɗauko tarihin zanen zamani a Nijeriya, Zariya ake fara ambata, sa'an nan a jero sunayen samarin da suka kafa ƙungiyar masu zane a can cikin 1958, watau su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Ba kasafai akan tsaya a kan matar da ta koyar da su ba. Ita ce Clara Etso Ugbodaga-Ngu, wadda aka haifa a Kano cikin 1921, ko da yake iyayenta mutanen ƙasar Edo ne.

Ta fara koyarwa a makarantun mishan, kafin gwamnatin mulkin mallaka ta ba ta gurbin ƙaro ilmi a Ingila cikin 1950. Ta yi karatun zane a makarantar Chelsea da ke Landan, ta ƙara da takardar shaidar koyarwa daga Jami'ar Landan cikin 1955. A shekarar nan aka mayar da sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Ibadan zuwa Zariya, kwalejin da ta zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1962. Nan ta kama aiki, ita ce 'yar ƙasa ta farko cikin malaman sashen, sauran Turawa ne. Cikin 1958 ta baje kolin ayyukanta ita kaɗai a Landan. Daga baya ta auri likitan tiyata ɗan Kamaru, Victor Anomah Ngu, ta kuma koyar a Jami'ar Benin.

Abin da aka fi yaba wa ɗaliban Zariya da shi shi ne ra'ayin da Uche Okeke ya tsara wajen 1960, cewa mai zane ya karɓi dabarun Turai, amma ya gina su a kan fasahar gidansu. Marubuta da yawa sun nuna abin kamar tawaye ne ga malamai baki ɗaya. Wannan bayani yana da giɓi. A cikin malaman nan akwai 'yar Nijeriya wadda ta sha gwagwarmaya da matsalar nan tun kafin ɗaliban su raɗa mata suna, kuma zane-zanenta na lokacin shaida ne.

A dubi zanenta na 1960 wanda ke ajiye a Jami'ar Birmingham. Babu mutum a cikinsa, babu dabba, sai siffofi da suka sarƙe da juna. An saba jingina irin wannan aiki ga Turai, a ce can aka ƙago shi. To, amma wanda ya zauna a karkarar arewacin Kano, wajen Dambatta ko Bichi ko Minjibir, inda gona take manne da gona, gida yana hangen gida, ya san ba baƙon abu ba ne. Idan kaka ta wuce, gero da dawa sun shiga rumbu, mata sukan zauna saƙar faifai da ɗinkin hula. Ana zana ƙwarya, ana ƙunshin lalle, ana yi wa amarya jere. A duk wannan babu hoton kowa. Layi ne da da'ira da kusurwa, da sanin inda launi zai tsaya ya bar wa wani wuri. Matar da ta saƙa faifai ɗari ba ta bukatar a yi mata fassarar wannan zane, domin da irin ma'aunin da take auna nata aikin za ta auna shi: ko siffofin sun zauna, ko wani ɓangare ya rinjayi wani. Kuma sun zauna. Nan ƙarfin Clara yake.

Sauran ayyukanta da aka fi sani na mutane ne: matan kasuwa cikin 1961, mabarata cikin 1963, da mai sayar da bammi na ƙasar Yarabawa, shi ma na 1963, wanda ke gidan tarihi na Jami'ar Hampton a Amurka. Zaɓin da ta yi abin lura ne. A shekarun murnar samun mulkin kai, lokacin da ake ɗokin hotunan shugabanni da sarakuna, ita talaka mai neman abin kai wa baka ta sa a gaba. Sai dai a nan ne kuma za a iya yi mata gyara. Sunayen zane-zanen kansu sun nuna sana'a ko hali ta kama, ba wani mutum takamaimai ba. Mai kallo yana ganin matan kasuwa a jimlace, kamar wanda ya tsaya bakin kasuwa yana hange, bai shiga an yi ciniki da shi ba.

Game da koyarwa kuwa, hannunta ya kai inda zanenta bai kai ba. Bruce Onobrakpeya da Solomon Wangboje, waɗanda suka shahara wajen sassaƙa zane a kan allo a shafa tawada a buga shi a takarda, duk a Zariya suka yi karatu a zamaninta. Ita wannan sana'a tana sa hoto ɗaya ya zama hamsin, ya shiga hannun wanda ba shi da kuɗin sayen zanen fenti.

Kwatanta ta da Ladi Kwali yana da amfani. Ladi maginar tukwane ce, ta shiga cibiyar Michael Cardew a Abuja ta dā, watau Suleja, cikin 1954, hotonta kuma ya hau takardar naira ashirin. Ita an karɓe ta hannu bibbiyu, domin ginin tukunya sana'ar mata ce da kowa ya yarda da ita. Clara kuwa ta shiga fagen da ake ɗauka na maza ne masu ilmin boko, ta tsaya gaban aji tana gyara musu hannu, aka rasa inda za a ajiye ta a tarihi. Cikin 2025 gidan zane na Tate da ke Landan ya haɗa ayyukan su biyun a babban baje kolin zanen zamani na Nijeriya. Ɗalibar da ke koyon zane a Kano ko Bichi kuwa, idan tana son ganin waɗannan ayyuka biyu na 1960 da 1963, sai dai ta gan su a littafi ko a intanet, domin ɗaya yana Ingila, ɗaya yana Amurka.