FARANTIN TANGARAN NA KAKATA

Ranar Asabar ɗin da ta wuce muka je jeren 'yar yayata, daga gidansu a Gyaɗi-Gyaɗi zuwa gidan mijinta a Tarauni. Ana cikin fito da kaya sai ga wani kwali ɗaure da tsumma. Da aka kwance, farantan tangaran ne ƙanana guda shida masu shuɗin zane, waɗanda marigayiya kakarmu ta bari. Nan take wata cikin 'yan jere ta taɓe baki ta ce, "Haba Hajiya, wannan tsohon yayin ai sai ya ɓata mana kabet." Yayata ta yi shiru, kunya ta kama ta. Ni kuwa wallahi abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ɗauko biro.

Idan kika juya bayan farantin za ki ga tambarin Johnson Brothers, kamfanin da aka kafa a 1883 a yankin Stoke-on-Trent, cibiyar maginan tangaran ta Ingila. Irin wannan tangaran Turawa na kiransa da sunan da ke nufin dutsen ƙarfe. Wani mai suna Charles Mason ne ya yi rajistar fasahar yinsa a 1813. Ba wai da ƙarfe ake yinsa ba, ƙwarinsa ne ya jawo masa sunan. Su can a kan irin waɗannan ƙananan suke cin kayan zaƙi bayan abinci. Kakarmu kuwa alkaki da nakiya take zuba wa baƙi a kai, shi ma sai ranar sallah.

To mu dawo kan zanen, don shi ne abin magana. Akwai gida mai rufi hawa-hawa, da wata bishiya mai rassa a sunkuye, da gada da mutum uku a kanta, da kwalekwale, sai tsuntsaye biyu a sama suna fuskantar juna. Duk wanda ya gani zai rantse aikin mutanen Sin ne. Alhali Turawan Ingila ne suka harhaɗa shi wajen 1790, suna kwaikwayon kayan Sin masu tsada don mai ƙaramin ƙarfi ma ya samu. Ba kuma da hannu ake zana shi ba. Kan tagulla ake sassaƙa hoton, a shafa shuɗi, a danna kan takarda mai shara-shara, a manna ta a jikin farantin, sannan a wanke takardar a rufe da ruwan ƙyalli a gasa. Ki duba bakin farantin da kyau, za ki ga inda takardar ta haɗu, zanen ya ɗan goce.

Abin da na yaba shi ne, mai zanen ya san yadda ake jan ido. Daga gidan idonki zai bi shinge, ya hau gada, ya faɗa ruwa, ya ƙare kan tsuntsaye, kamar mai karanta labari daga babi zuwa babi. Launi ɗaya tal, amma akwai mai duhu akwai mai haske. Kuma da yake shuɗin yana ƙarƙashin ƙyallin ne, shekara da shekaru ana wanki bai koɗe ba.

Amma fa ba zan ɓoye aibinsa ba. Tsuntsayen sun fi mutanen kan gada girma, 'ya'yan itacen kuwa kamar ƙwallo. Bakin farantin ya cika da ƙyale-ƙyale har ido ya gaji. Babban aibin kuma, duk shidan iri ɗaya ne sak, haka dubbai irinsu a duniya. Ki kwatanta da ƙwaryar da aka yi wa zane da wuƙa mai zafi, ko faifan da aka saƙa da rinannen kaba. Kowanne da hannun mai shi a jiki, ba za ki sami biyu daidai ba. A nan kam namu ya fi.

Akwai kuma labarin da aka laƙaba wa zanen. Wai 'yar wani attajiri ce ta kamu da son akawun mahaifinta, uban ya ce sai ta auri basarake, suka gudu ta kan gada, aka bi su aka hallaka su, suka rikiɗe tsuntsaye. Da na ji sai na yi dariya, ashe auren dole ba mu marubutan Kano muka fara sayar da shi ba. Labarin ma bayan zanen ya zo, wata mujallar Ingila ta buga shi a 1849, kuma ya ƙara wa farantin kasuwa.

Yanzu bari in zo kanmu. Iyayenmu sun jera ƙwarya da tasa, aka koma kwalla da samira da fanteka, aka zo tangaran, yau ga kuloli da setin faranti mai bakin ruwan zinare. Kowane yayi yana kore na gabansa, uwa kuma ita ke shan wahala. Yayata adashi biyu ta kwashe, ta haɗa da bashi, ta sayo setin da na san kafin amarya ta yi haihuwar fari zinaren ya goge. Ba don kyan zane aka saye shi ba, don kada dangin miji su yi gori ne. Da kyau muke dubawa, da mun tsaya mun kalli abin da ke hannunmu kafin mu ce tsoho ne. Su kansu masu kamfanin sun daina yinsa a Ingila tun 2003, don haka wanda ya fashe ba za a sake gasa irinsa a can ba.

Daga ƙarshe na ja amarya gefe na ce, "'Yata, kada ki kulle su a kabet. Ranar da surukarki ta zo, zuba mata dubulan a kai." Ta ce, "To Anti." An dai ba su gurbi a ƙasan kabet, bayan kuloli.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba amarya da ango zaman lafiya, Ya rufa wa iyaye mata asiri, amin.