Bindigar Toka da Libarba: Nazarin Makamin Tsaron Gida a Ƙasar Kazaure

Mujallun bindigogi na Amurka sun daɗe suna jan wata muhawara da ba ta ƙarewa: wace libarba ce mai faɗin baki ta fi dacewa mutum ya soke a ƙugu da rana, ya kuma ajiye kusa da gado da dare? Tun da kamfanin Smith & Wesson ya fito da harsashin .357 Magnum a 1935, sannan .44 Magnum bayan shekara ashirin, ake auna nauyin ƙarfe da tsawon baki da ƙarfin naushin da bindigar ke yi wa hannu. Fim ɗin Dirty Harry na 1971 ya ƙara wa babbar libarba kwarjini. A can maganar tana da gindin zama, domin tsarin mulkinsu ya amince da riƙe makami tun 1791. Yanzu wayar hannu ta kawo hotunan waɗannan bindigogi har Karkarna da Roni da Gwiwa na jihar Jigawa, a daidai lokacin da labarin 'yan bindiga daga Katsina da Zamfara ya hana magidanta barci. Ra'ayina shi ne, tambayar "wace ce ta fi ƙarfi" baƙuwa ce a nan. Abin da ya sa bindiga ta zauna lafiya a garuruwan Hausawa shi ne kowa ya san hannun da take ciki, ita kuwa libarba an ƙera ta ne domin kada a sani.

A duba bindigar toka, wadda ake yi wa laƙabi da harba-ka-ruga. Sunan kansa ya faɗi iyakarta. Ta baki ake ɗura mata albarushi, a danna, a zuba ƙarafa, a sake dannawa; in ta tashi sau ɗaya, sai an sake wannan hidima kafin ta kuma. Doguwa ce, ba ta shiga aljihu, babbar riga ma ba ta rufe ta. Masu riƙe ta kuma ba ɗaiɗaiku ba ne: ko dai maharba ne da ke ƙarƙashin sarkin baka, ko 'yan bindigar sarki waɗanda ƙararsu ke girgiza gari ranar hawan sallah. Maƙerin da ya haɗa ta sananne ne, wanda ya koya wa yaro ɗura ta sananne ne, mai unguwa ya san gidajen da aka rataye ta. Tarihi ma haka ya nuna. Joseph Smaldone, a littafinsa na 1977 kan yaƙi a daular Sakkwato, ya bayyana cewa doki da mashi da baka su ne ƙashin bayan runduna a mafi yawan ƙarni na sha tara, bindiga ba ta yawaita ba sai can ƙarshe, kuma sarakuna sun fi damƙa ta ga bayin fada. A Damagaram, maƙwabciyar wannan yanki ta arewa, Sarki Tanimu ya tara bindigogi har ya sa aka ƙera igwa a Zinder, amma duk na fada ne. Ba a san bindiga a matsayin sirrin mutum ɗaya ba.

Dokar Nijeriya, ko da gangan ko ba da gangan ba, ta bi wannan sawu. Dokar makamai ta 1959, wadda har yau ake aiki da ita, ta kasa bindigogi gida uku. Na ɗura-ta-baki irin bindigar toka, kwamishinan 'yan sanda na jiha ne ke ba da lasisinsu. Bindigar farauta ta zamani sai da izinin Sufeto Janar. Libarba da fistol kuwa an jera su cikin haramtattu, layi ɗaya da bindigogin soja, ba mai halatta su sai shugaban ƙasa. Wato ƙaramar bindigar da ke shiga aljihu ta fi doguwar wuyar samu a gaban doka. Gaskiya ne wannan tsari yana da warin mulkin mallaka: yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, ta bar musu tsofaffi, don kada su iya tsayawa gaban Turawa. Sai dai mugun asali bai hana wani sashe na hukuncin zama daidai ba. Makamin da ake gani tun daga nesa yana ba mutane damar kaucewa, ko tambaya, ko kai ƙara. Wanda ke ɓoye ba ya ba da ko ɗaya.

Akwai kuma maganar ginin gida, wadda marubutan Amurka ba su da dalilin tunawa da ita. Gidan Bahaushe na karkara ba ɗaki biyu ba ne da mutum uku a ciki. Zaure ne, da tsakar gida, da ɗakunan mata, da sassan ƙanne da 'ya'ya, wani wurin ba abin da ya raba su sai zana ko dannin kara. Lokacin bazara rabin gidan a waje suke kwana. Harsashin da ake yaba wa saboda yana iya kayar da babbar dabba ba zai tsaya don ya gamu da zana ba. Bayanta kuwa akwai mai jego, ko yara a kan tabarma, ko maƙwabci. Sannan ina za a ajiye libarbar? Bindigar da ake so ta zama a ɗure, kusa da hannu, ita ce kuma yaro ɗan shekara takwas zai iya ɗauka, abin da ba zai iya yi da bindigar toka mai nauyi da ke rataye babu albarushi ba. Binciken da Arthur Kellermann da abokan aikinsa suka wallafa a 1993 ya gano cewa gidajen da ke da bindiga a wasu yankuna uku na Amurka sun fi fuskantar kisa a cikin gida da kusan ninki uku, galibi daga hannun ɗan'uwa ko na kusa. An yi ta gardama kan hanyar binciken, kuma ba a ƙasarmu aka yi shi ba, amma duk wanda ya san zafin rikicin gado da na iyakar gona ba zai yi masa dariya ba.

Hujja mafi ƙarfi da za a kawo don goyon bayan libarba ita ce: ɗan bindiga ba ya neman lasisi, yana zuwa da AK-47, ofishin 'yan sanda kuma yana da nisa. Wannan ba ƙarya ba ce, kuma ba talakawa kaɗai ke faɗinta ba. A 2021 gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya fito fili ya ce jama'a su nemi makami su kare kansu. A watan Yuni na 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta Zamfara ta yi irin wannan kira. Amma hujjar ba ta kai inda masu sha'awar libarba ke so ba. Harsashi shida a hannun mutum ɗaya da ya farka a firgice ba sa amsa wa ayarin babura, kowane da bindiga mai cin talatin. Faɗin baki ba ya gyara wannan lissafi. Abin lura kuma, ko gwamnatin Zamfara da ta yi kiran, ta hannun masarautu ta ce za a raba takardun neman izini, wato ta koma ga tsohon tsarin nan na a san mai riƙewa. Daga baya ma jihohin biyu sun karkata ga rundunonin sa-ido masu rajista da kaki da albashi: Katsina a 2023, Askarawan Zamfara a farkon 2024.

Hujja ta biyu ta fi wuyar amsawa, domin tana sukar al'adar kanta. 'Yan sa-kai na Zamfara ba su ɓoye bindigoginsu ba, amma kisan da wasunsu suka riƙa yi wa Fulani a kasuwanni ba tare da shari'a ba yana cikin abubuwan da suka hura wutar ramuwa. A ƙarshen Maris na 2025 kuma, mafarauta goma sha shida 'yan Arewa, akasarinsu daga jihar Kano, suna hanyar dawowa gida sallah daga Fatakwal, aka tare motarsu a Uromi ta jihar Edo, aka ga bindigogin toka, aka kashe su da zargin garkuwa da mutane. To ina amfanin bindigar da ake gani? Amsar ita ce gani kaɗai bai taɓa zama duka al'adar ba. Akwai ganin, akwai kuma wanda zai tsawata. 'Yan sa-kai sun fita daga ƙarƙashin kowa, mafarautan Uromi kuwa sun isa inda ba wanda ya san sarkin bakansu. Duka biyun suna nuna abin da ke faruwa idan igiyar ta tsinke, ba sa nuna cewa libarba a aljihu za ta ɗaure ta.

Yankwashi da Roni da Gwiwa suna bakin jihar Katsina, Babura na kan iyakar Nijar, don haka fargabar tana da dalili, duk da cewa Jigawa ba ta ga irin abin da Zamfara ta gani ba. Tsarin da ake bukata bai rushe ba tukuna: akwai hakimai da dagatai da masu unguwanni a ƙarƙashin masarautun Kazaure da Ringim, akwai maharba da 'yan sintiri, akwai kwamishinan 'yan sanda a Dutse wanda doka ta ba ikon lasisin bindigar toka. Aikin da ya rage shi ne a haɗa waɗannan: kowace bindiga da sunan mai ita a littafin dagaci da na 'yan sanda, kowane mai sintiri da wanda zai amsa tambaya a kansa idan gari ya waye.